Yadda ake haɗa ɗan littafin yara kan cin zali, tun daga tattara labari har zuwa karanta shi a aji

Littafin farko da na haɗa wa 'yan ajina kan cin zali gyaran gangar Auzinawa ya zama. A wata firamare ce a nan Gusau, ina riƙe da aji huɗu, akwai wani yaro mai i'ina da 'yan ajin suka sa gaba. Na kwana biyu ina rubuta labarin wani yaro mai i'ina, suna kawai na canja, har na ƙirƙiro masa laƙabin tsokana da kaina don labarin ya yi armashi. Ban kai shafi na uku ba na ga kawuna suna juyawa wajen bencinsa. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi laƙabin nan nawa ya zama sunansa, kuma ya bi shi har ya gama aji shida. Garin neman gira na rasa ido. Duk abin da zan zayyana a nan bayan wannan kwaɓar na koye shi.

Wani zai ce don me ba za a saya kawai ba. Ka zaga shagunan littattafai ka gani. Abin da ya fi yawa na yara shi ne littattafan manhaja, da na addini, da tatsuniyoyi. 'Yan kaɗan da suka taɓo cin zali galibi da Turanci suke, da hotunan ƙanƙara da motar makaranta. Yaron da aka tare a bayan aji aka ƙwace masa kuɗin tara ba ya ganin kansa a ciki. Shi ya sa nake cewa malami ko uwa su haɗa nasu. Takardar A4 guda huɗu da zare da allura sun isa.

Ka fara tantance abin da kake yaƙa

Ba kowace hatsaniyar yara ce cin zali ba, kuma in ka cakuɗa su littafin zai rasa alƙibla. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Dan Olweus, haifaffen Suwidin da ya yi yawancin aikinsa a Nowe, shi ya fara zurfafa bincike kan lamarin tun shekarun 1970, kuma ya ba da alamomi uku da har yau ake aiki da su: da gangan ake yi, ana maimaitawa, sannan akwai fin ƙarfi tsakanin mai yi da wanda ake yi wa. Fin ƙarfin kuwa ba lallai na damtse ba ne. Yawa ma ƙarfi ne, haka kuɗi, haka zama ɗan gari a kan baƙo.

Wannan tantancewar ta fi muhimmanci a wurinmu, don mu mutane ne masu wasa. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Fulani da Barebari. Mai cin zali ya san da haka, shi ya sa da ka tsare shi zai ce, "Malama, wasa fa muke." Ma'aunin da nake ba yara mai sauƙi ne: in wasa ne kowa na dariya, kowa na iya ramawa, kuma da an ce a bari ake bari. In mutum ɗaya ne kullum ake yi wa, kuma shi kaɗai ne ba ya dariya, to sunan abin ya canja.

Kada kuma ka ɗauka ajinka ne kaɗai ya lalace. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, kashi 32 cikin 100, ya ce 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar.

Ka ji daga bakinsu kafin ka ɗauki biro

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka samu kwalin sabulu ko babban gwangwanin madara, ka huda bakin da takarda za ta shiga, ka liƙe sauran. Ka raba wa kowane yaro guntuwar takarda iri ɗaya, kowa da kowa, don kada a gane wanda ya rubuta daga wanda bai rubuta ba. Tambayoyi uku nake rubutawa a allo: Me ka taɓa gani an yi wa wani da bai yi maka daɗi ba? A ina aka yi? Waɗanda ke wurin me suka yi? Ka lura na ce "an yi wa wani". Yaro ba ya son ya ce shi aka yi wa, amma in ka buɗe masa wannan ƙofar, labarin kansa zai ba ka da sunan wani. Ka hana rubuta sunaye. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya yi zane.

A gida za ka buɗe akwatin, ba a gabansu ba. Ranar da na fara buɗe nawa na zaci duka da ƙwace zan tarar. Sun fito, amma ba su ne suka fi yawa ba. 'Yan mata sun rubuta gaba da harara da zunɗe, da habaicin da ake cusawa cikin waƙar gaɗa, da yadda za a ce "kowa ya zo ban da wance". Maza sun rubuta yadda ake yi wa mai shan inna kwaikwayon tafiya, da waƙar da ake bin mai fitsarin kwance da ita. Sai wata takarda da har yanzu tana cikin jakata, rubutun duk ya karkace: "ana ce mishi ɗan gudun hijira ba a cin abinci da shi." Mu a Zamfara wannan ba baƙon abu ba ne. Rashin tsaro ya koro iyalai da yawa daga ƙauyuka zuwa Gusau da sauran garuruwa, 'ya'yansu sun shigo azuzuwanmu a tsakiyar zango, wasu ba yunifom. Akwai kuma yaran Fulani da ake jifa da mugun suna kan laifin da ba su san hawa ba balle sauka. Babu littafin da aka buga a waje da zai kawo maka wannan.

Tambaya ta biyu ita za ta ba ka wurin da labarin zai gudana. A wurina amsoshin sun taru a wuri uku: bayan ban-ɗaki, wajen masu awara lokacin tara, da hanyar gida bayan an tashi. Duk inda idon malami ba ya kaiwa ke nan.

Ka ɗauki matsala ɗaya, ka ɓad da sawu

Littafi ɗaya, matsala ɗaya. In ka haɗa ƙwace da gaba da laƙabi a shafi goma sha biyu, wa'azi za ka yi ba labari ba.

Daga nan sai aikin da na tsallake a karon farko. Kada yaron labarinka ya yi kama da kowane yaro guda a ajin. In mace ce abin ya shafa, mai da shi namiji. In akwai mai i'ina ɗaya tak a ajin, ko zabiya ɗaya, ko mai sikila ɗaya, to ka bar wannan siffar gaba ɗaya, ka nemi wata hanyar. Ka duba rajista ka zaɓi sunayen da babu mai su, har da na mai cin zalin, don shi ma in aka gane shi ka ƙirƙiri sabon wanda za a sa gaba. Kuma kada ka rubuta laƙabi mai daɗin rerawa. Yara na da kunnen kiɗa, duk abin da ya hau baki ya hau ke nan. Ya isa ka ce, "Suka kira shi da wani suna da ba nasa ba."

Batun dabbobi: ga 'yan ƙasa da shekara bakwai, kura da akuya da zomo suna aiki, kuma suna ɓad da sawun da kyau. Sai dai ka yi hattara da Gizo, don shi da wayo da cuta yake cin nasara, yara kuma suna son sa a haka. Daga aji uku zuwa sama mutane nake sawa, don in dabbobi ne sai su ce tatsuniya ce, ƙurunƙus, a watse.

Ta idon wa za a ga labarin?

Nan ne na fi daɗewa kafin in gane. Abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya sa wanda ake zalunta ya zama gwarzon labari. Amma ka ƙirga ajinka. In yara sittin ne, masu cin zalin ba su wuce uku ko huɗu ba, waɗanda aka sa gaba kullum ma haka. Sauran hamsin da wani abu 'yan kallo ne, kuma dariyarsu ita ce ladan da mai cin zali ke karɓa. A ƙasar Finlan, shirin yaƙi da cin zali a makarantu mai suna KiVa da aka tsara a Jami'ar Turku a kan wannan tunanin aka gina shi: a canja halin 'yan kallo, sai cin zalin ya rasa kasuwa. Mu kuwa tun da daɗewa muka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ma ya umarci mutum ya taimaki ɗan'uwansa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, aka bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi. Da mai kallo ake wannan maganar.

Don haka gwarzonka ya zama yaro na tsakiya, wanda ya gani, har ya ɗan yi dariya da farko, abin ya tsaya masa a rai, yana kuma tsoron a dawo kansa. Wannan tsoron kada ka ɓoye shi. Shi ne gaskiyar da za ta sa yara su yarda da kai.

Tsara shafuka

Takarda huɗu in an ninke su biyu suna ba da shafi 16. Na 1 da na 16 bango ne. Na 2 ka ajiye wa sunayen yaran da suka yi zane. Na 15 na tambayoyi ne. Labari ya rage daga 3 zuwa 14, shafi goma sha biyu. Kowane shafi jimla biyu ko uku, kada su wuce, sauran filin na hoto ne.

Ga yadda na raba nawa na biyu. Shafi biyu na farko an ga Dije da ƙawayenta a inuwar dogon yaro suna cin abincin tara. A na uku sabon yaro, Ilu, ya shigo da tsohuwar riga da hoce ƙunshe a leda. Daga nan shafi uku cur na ba cin zalin, don a ga maimaituwarsa: Litinin, Talata, Laraba. Ga ɗaya daga ciki:

Sambo ya fizge ledar ya ɗaga sama. "Kai, mi kaz zo da shi yau?" Yara suka kwashe da dariya. Dije ma ta yi dariya, amma awarar da ke bakinta ta ƙi haɗiyuwa.

Ka ga na bar Sambo ya yi magana da harshen da yaranmu ke yi a filin wasa. Bayanin labari ina rubuta shi da daidaitacciyar Hausa saboda koyon karatu, amma zance tsakanin yara ina barin sa da "mi" da "wanga" da "awo". Ranar da na fara karanta wannan layin sai da ajin ya yi tsit, don sun ji muryar da suka sani.

Bayan haka shafi ɗaya Dije na kwance da dare ta kasa barci. Shafi ɗaya ta gaya wa innarta, innar ta tambaye ta, "To ke mi kika yi?" Sai shafukan ƙarshe: ta ɗauki kwanonta ta je ta zauna kusa da Ilu, ƙawa ɗaya ta biyo ta, ɗaya ta ƙi. Washegari Sambo ya sake ɗaga leda, aka rasa mai dariya sai mutum biyu, ya tsaya da ita a sama kamar mai shanya. Dije da ƙawarta suka je suka sami malam.

Abubuwan da ke kashe irin wannan littafin a ƙarshensa suke. Kada wanda aka zalunta ya rama da duka a tafa masa, don gobe wani ƙaramin zai gwada a fasa masa baki. Kada ka sa shi ya ci ƙwallo ko ya zo na ɗaya sannan a fara son sa, don kana gaya wa yaron da ba ya cin ƙwallo cewa shi nasa cin zalin halal ne. Kada mai cin zalin ya zama dodo, ka ba shi shafi ɗaya da za a gan shi shi kaɗai, wataƙila yayansa na yi masa irin abin da yake yi wa wasu. Kada kuma malam ya fito da bulala ya gama komai a shafi ɗaya. Yara sun san bayan bulala akwai hanyar gida. Ni ban ma sa Sambo da Ilu sun zama abokai ba. Ya daina, shi ke nan, kuma ya isa.

Abu ɗaya da ya wajaba labarin ya warware shi ne bambancin kai ƙara da gulma, don kalmar "munafuki" ita ke rufe bakin yara. Na sa innar Dije ta faɗe shi a jimla ɗaya: mai gulma so yake a jefa wani a wahala, mai kai ƙara so yake a fitar da wani daga ciki. Aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba, a shafin tambayoyi nake ambaton ta, ba a bakin yaran labarin ba. Yaro ɗan shekara tara ba ya jawo aya a tsakiyar faɗan awara, in ka sa ya yi, an daina yarda da shi.

Zane da ɗinki

Yaran su yi zanen. Ka raba shafukan ga rukuni-rukuni, ka ba su farar takarda da fensir, su bi da baƙin biro don ya fito a hoto-kwafi. Launi a bar shi sai an buga, kowa ya shafa wa kwafinsa. Wata dabara: shafin da Ilu ke zaune shi kaɗai, na ba wa ɗaya daga cikin masu taurin kan ajin ya zana, ban ce masa komai ba. Ya daɗe a kan fuskar nan yana gogewa yana sakewa.

Wajen jera shafuka ne mutane ke rikicewa. Kowace fuskar takarda tana ɗaukar shafi biyu, kuma lambobinsu in an haɗa su ba da 17. Takarda ta farko: 16 a hagu, 1 a dama, bayanta 2 da 15. Ta biyu: 14 da 3, bayanta 4 da 13. Ta uku: 12 da 5, bayanta 6 da 11. Ta huɗu: 10 da 7, bayanta 8 da 9. In da ajami ka rubuta sai ka juya hagu da dama. Kafin ka kashe ko sisi, ka ninke tsofaffin takardu huɗu ka rubuta lambobin ka gani da idonka. Ta farkon ta zama mai ɗan kauri tunda ita ce bango. Ka huda rami uku a kan ninkin, ka shigar da zare ta na tsakiya, ka fita ta na sama, ka tsallaka zuwa na ƙasa, ka dawo tsakiya ka ƙulle. Ya fi ƙarfen maƙala takarda ƙarko, ba ya tsatsa da damina, ba ya tsire yatsa.

In za ka buga da kwamfuta, haruffa su zama manya, masu girman lamba 20 ko sama da haka ga ƙananan azuzuwa. Ka tsaya a kan mai shagon ya fitar da shafi ɗaya ka duba ɓ da ɗ da ƙ, don wasu nau'o'in rubutun suna mai da su akwati-akwati. Na taɓa biyan kuɗin kwafi talatin da "ƙawa" ta koma wani abu daban. Nau'in rubutu mai suna Andika an yi shi ne domin masu koyon karatu kuma yana da haruffanmu. Manhajar Bloom kyauta ce, aikinta ke nan haɗa ƙananan littattafai, tana kuma iya jera shafukan da kanta. Mai intanet zai iya leƙa African Storybook ko StoryWeaver, akwai labaran yara da Hausa a can da aka yarda a sauke a buga, ko don ya ga yadda ake daidaita hoto da rubutu.

Gwaji, sannan karatu

Kafin aji ya gani, ka karanta wa yara biyu ko uku na wata makarantar, 'ya'yan maƙwabta sun isa. Inda suka fara wasa da yatsu, shafin ya yi tsawo. Ka kuma ba wani malamin da ya san ajinka, ka tambaye shi abu ɗaya: "Malam, wa ka gani a ciki?" In ya ambaci suna, koma ka sake. Ka sanar da hedimasta tun kafin ranar.

Kada ka karanta shi ranar da aka yi rigima, sai ya zama shari'a. Ka bari a kwana biyu. Mai son rana ta musamman yana da Ranar Yara, 27 ga Mayu, ko Alhamis ɗin farko ta Nuwamba, wadda UNESCO ta ware don yaƙi da cin zali a makarantu aka kuma fara raya ta a 2020. Ni dai na fi son safiyar wata Talata da ba ta da suna.

Ka zaunar da su a tabarma in da hali, kowa a gauraye. Idonka a kan littafi, kada ko da kuskure ka kalli wanda kake zargi ko wanda kake tausayi. Ka tsaya sau biyu kawai. Na farko inda awara ta ƙi haɗiyuwa: "Me ya sa ta yi dariya alhali ba ta ji daɗi ba?" Na biyu kafin ta ɗauki kwanonta: "Me take tsoro?" Duk tambayoyin a kan mutanen littafi suke. Da wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai haka wane ke yi," ka tare shi cikin sanyin murya: yau Sambo muke magana, mai wani labarin ya same ni ni kaɗai.

Kuma za su same ka, don haka ka shirya. Bayan na karanta musu littafin nan na biyu, ina tattara alli wata yarinya ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta har kowa ya fita. Abin da ta gaya mini ya fi na littafin nauyi. In haka ta same ka, ka saurara har ta gama, ka ce ta kyauta da ta faɗa, kada ka yi mata alkawarin ba wanda zai ji, ka dai ce ba za ka gaya wa kowa ba sai wanda zai taimaka. Ka rubuta rana da wuri da abin da aka yi. Kada ka haɗa ta fuska da fuska da wanda take tsoro ka ce su gaisa su yafe wa juna. In akwai rauni a jiki, ko barazana, ko taɓa jikin da bai dace ba, wannan ya wuce aikin littafi, ranar nan za ka kai wa shugaban makaranta, a kira iyaye.

Kwafin da yara suka shafa wa launi su tafi da shi gida, a ce kowa ya karanta wa wani babba, ko inna ko kaka ko yaya. Guda biyar su zauna a aji cikin leda saboda gara. Akwatin nan kuma kada a jefar, a mai da shi kusurwarsa, kana buɗewa duk Alhamis. Bayan mako biyu ka sake karanta littafin, wannan karon yara su rarraba muryoyin, kai kuma ka riƙe ta Sambo da kanka don kada ta liƙe wa wani. Lokacin tara kuwa, ka ɗauki kujerarka ka koma wajen masu awara.